Daga Dajin Bama Zuwa Gonar Makaranta: Tunawa Da Malaminmu Na Noma

Jawabin da aka gabatar a madadin tsofaffin ɗalibai a wurin taron shekara na ƙungiyarmu

 

  

Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mana nauyin mu faɗi wani abu game da marigayi malaminmu na noma, mu da muka ci gajiyar karatunsa, muka kuma sha ranar gonarsa. Mun karɓi wannan aiki da farin ciki, sai dai da nauyin zuciya, domin yawancin waɗanda suka fi mu saninsa sun riga mu gidan gaskiya. Abin da za mu faɗa, wani mun gani da idanunmu, wani kuma daga bakinsa muka ji, a gindin darbejiyar da ke bakin gonar makaranta, bayan an ajiye fartanyu.

Malam ɗan manoma ne, kuma da fartanya ya buɗe ido. Yana saurayi Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a shekarar 1939, wanda iyayenmu suke kira yaƙin Hitila. A lokacin Sarkin Zazzau Ja'afaru ne ke kan gado. Turawa suka buƙaci sojoji, aka bi ta hannun sarakuna da hakimai ana neman samari. Wasu sun tafi da son ransu, don albashi ko don ganin duniya, wasu kuwa sunansu kawai aka kai. Malam yakan yi dariya ya ce shi bai san a wane ɓangare zai sa kansa ba, domin an kira shi ne, shi kuma bai yi gardama ba. Aka kai su Zariya aka yi musu horo. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta.

A shekarar 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka haɗa 'yan Nijeriya da mutanen Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, da na Saliyo da Gambiya. Malam yana cikin ta 82, wadda aka ɗauka a jirgin ruwa zuwa Indiya a shekarar 1944. Ku duba lamarin Ubangiji: yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na rafin fadamar garinsu ba, sai ga shi ya yi makonni a kan teku. Daga Indiya aka tura su yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, su fuskanci sojojin Japan. Suka bi kwarin kogin Kalapanzin, suka tsallaka duwatsu zuwa kwarin Kaladan, inda runduna ta 81 ta riga su gwabzawa. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka ƙwace garin Myohaung. Yaƙi ya ƙare a watan Agustan wannan shekara, amma sai a 1946 Malam da yawancin abokansa suka sake taka ƙasar haihuwa.

Matasanmu suna wuce barikin Chindit a Zariya da barikin Kalapanzin a Kaduna, suna jin sunan barikin Dodan da na Arakan a Ikko, ba tare da sanin cewa duk sunayen nan daga yaƙin Bama suka samo asali ba. Jinin kakanninsu ne ya kawo sunayen nan gida.

Mu yara a lokacin, labarin harbi muke son ji. Malam kuwa ba ya son bayar da shi. In muka matsa masa, sai ya ce: "Yara, wanda ya ga yaƙi ba ya yi masa kirari." Abin da ya fi yawan ba mu labari shi ne yunwa. A dajin nan babu hanyar mota, saboda haka a ka ake ɗaukar kaya, abinci kuwa jirgin sama ne ke jefo shi da laima. Ranar da hadari ya rufe sama, ko kayan suka faɗa inda ba a iya kaiwa, sai a kwana da ciki wayam. Ya ce a nan ya gane cewa bindiga ba ta tashi sai da tuwo, kuma duk jarumtar soja a bayan manomi take rakuɓe. Wannan shi ne darasin da ya ɗauko daga Bama, a kansa kuma ya gina sauran rayuwarsa.

Bai tafi can da ido rufe ba. Ya ga yadda mutanen Indiya ke dasa shinkafa layi-layi, da yadda suke huɗa da shanu, da yadda ba sa barin kashin dabba ya lalace. Ya ga suna matse rake suna dafa ruwansa har ya daskare, kamar yadda muke yin mazarƙwaila a Makarfi da Kudan. Ya ga darbejiya a ƙasarta ta asali. A soja ne kuma ya koyi karatun boko, har yakan karanta wa abokansa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta.

Da aka sallame su, ɗan abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba. Da yawa daga cikin abokansa sun zama 'yan doka ko masinjoji ko direbobi, wasu suka shige birni ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Shi kuwa Samaru ya nufa, inda tun shekarun 1920 ake binciken aikin gona ana kuma horar da malaman gona. Ya fito ya yi wa En'e aiki, yana yawo a kan keke ƙauye-ƙauye, daga Paki zuwa Auchan, daga Gimi zuwa Gubuchi, daga Hunkuyi zuwa Likoro, yana koya wa mutane noman shanu da shuka auduga a kan lokaci. Daga baya aka mayar da shi makaranta, a nan ne muka faɗo hannunsa.

Ba za mu ɓoye ba, da farko tsoronsa muke ji. Tafiyarsa ta soja ce, agogonsa ba ya saɓa wa magana, kuma wanda ya makara gona ya san abin da zai tarar. Kowane ɗalibi yana da kunyoyinsa da littafinsa. A ciki za ka rubuta ranar da aka yi ruwan shuka, da irin da ka shuka, da ranar noman firi da ta maimai, da yawan damin da ka samu. Da igiya muke auna tazarar kunya. In layi ya karkace, sai ya tsaya a kansa ya ce: "Wane ne kwamandan wannan fareti?" Sai mai kunyar ya fito, a sake.

Ya koya mana haƙa ramin taki, mu zuba shara da toka da kashin awaki mu rufe har su ruɓe. Ya koya mana kada a maimaita dawa a wuri ɗaya shekara da shekaru, a riƙa sauya ta da gyaɗa ko wake, domin su suna mayar wa ƙasa ƙarfinta, dawa kuwa ci take yi. Ya ce a tuge ƙuduji kafin ya yi fure, domin in ya zubar da iri, ya kafa gida na shekaru. Ya hana a sare gawo a gona, ya nuna mana yadda yake kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana, ga kuma taki a gindinsa. Ya nuna mana zaɓen iri tun a tsaye a gona, da shimfiɗa ganyen darbejiya a rumbu saboda ƙwari. Da takin zamani ya yawaita, bai ƙi shi ba, amma yakan ce baƙo ne, kada a kori ɗan gida dominsa.

Amfanin wannan tarbiyya ya fito fili lokacin farin 1973, sa'ad da hatsi ya yi wuya a Arewa, da kuma 1975, da cuta ta kashe gyaɗa. Malam ya buɗe rumbun makaranta ya raba wa iyayenmu iri, a kan sharaɗin wanda ya karɓi mudu ya mayar da mudu da kaka. Akwai gidaje a wannan gari da suka yi shuka a shekarun nan da irin da 'ya'yansu suka noma a makaranta. Saboda haka da gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976, da kuma shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980, mu ba baƙon abu muka ji ba. Abin da Malam ya daɗe yana faɗa ne ya shiga rediyo.

Ya yi ritaya bai mallaki komai ba sai gidan ƙasa da keke da lambobin yaƙinsa a cikin gwangwani. Kowace ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, yakan fito da su ya goge ya maƙala a riga. Ya sha zirga-zirgar neman haƙƙinsa na fansho, mu kuma da muka zama ma'aikata a birane ba mu tsaya masa yadda ya kamata ba. Wannan laifinmu ne, muna kuma roƙon Allah ya yafe mana. Ranar da ya rasu, mutanen da suka sallace shi sun cika fili har bakin hanya.

To, jama'a, in mun tsaya a yabo kawai, mun yi aikin baban giwa. Mu tambayi kanmu: ina gonar makarantar nan take a yau? Shingenta ya faɗi. Gefe guda ya zama hanya, gefe guda juji, ga gine-gine suna matsowa kowace shekara. In muka ƙara yin sakaci, wata rana za mu wayi gari an yanka ta fuloti-fuloti. Yaranmu suna haddace darasin noma a allo don cin jarrabawa, alhali ba su taɓa auna kunya ba. A wasu wurare ma noma ya zama horon da ake yi wa mai laifi. Yaron da aka hora da fartanya, yaya za a yi ya so ta?

Alhali kuwa arzikin ƙasar nan tamu a gona yake. Da rake aka san Makarfi da Kudan, da tumatir da barkono da masara aka san Ikara, har aka kafa mata kamfanin sarrafa tumatir a 1981. Amma mun ga abin da ya faru a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Mun ga yadda kuɗin taki da na man injin ban-ruwa suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a 2023. Manomin da ya san haɗa takin gida, ya san sauya shuka, yana kuma rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, ya fi kowa iya jure irin wannan. Ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, a bakin ƙofarmu, tana fitar da ingantattun iri, amma kaɗan ne cikin yaranmu suka taɓa shiga harabarta.

Saboda haka, a madadin tsofaffin ɗalibai, muna gabatar wa wannan taro roƙo huɗu. Na farko, ƙungiya ta haɗa kai da iyayenmu sarakuna da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a auna gonar, a yi mata takarda, a kafa mata turaku kafin faɗuwar damina. Na biyu, a kewaye ta, a haƙa mata rijiya domin yara su koyi noman rani. Mu tsofaffin ɗalibai mun ɗauki nauyin fartanyu da iri na shekarar farko. Na uku, a sa kyauta ta shekara-shekara da sunan marigayi ga ɗalibi ko ɗalibar da ta fi kowa kula da kunyoyinta da littafinta, a kuma riƙa kai yara ziyara Samaru. Na huɗu, a naɗa matasa su bi gidajen tsofaffin sojojinmu, na Bama da na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, su rubuta sunayensu da labaransu, su ɗauki hoton lambobinsu, a riƙa bugawa a wannan mujalla, a kuma duba halin da iyalansu ke ciki.

Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ba ma buƙatar jiran kowa kafin mu fara waɗannan. Malam da keke da igiya ya yi nasa, mu da Allah ya hore wa fiye da haka ba mu da hanzari.

Allah ya jiƙan malaminmu, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, shi da abokansa da aka binne a dajin Bama ba tare da danginsu sun ga kabarinsu ba. Allah ya albarkaci zuriyarsa, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In mun yi kuskure a cikin abin da muka faɗa, muna neman afuwa.