Kafin Ka Sayi Sabuwar Sitata

Jawabin da wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ya gabatar a taron ƙungiya, unguwar Dawaki, Gombe

 

An nemi in ɗan yi tsokaci a kan abin da ya shafi sana'armu, sai na zaɓi maganar sitata, wato abin nan da direbobi ke ce wa kik. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikinmu nan Dawaki abincinmu a bayan a-kori-kura yake. Wani wake da masara yake ɗaukowa daga Kumo ko Dukku ya kawo Tudun Hatsi, wani tumatur daga Dadin Kowa, wani kuma siminti daga Ashaka. Ranar da aka murɗa makulli mota ta yi shiru, mai hatsi zai iya jira, amma mai tumatur kowace awa uwar kuɗinsa ce ke narkewa a cikin kwando. A irin wannan ruɗewa ne mutum ke sayen abin da ba ya bukata. Abin da nake so mu riƙe shi ne: ba duk motar da ta ƙi tashi ce sitatarta ta mutu ba. A fara bincike daga abu mai araha, a ƙare da mai tsada.

Dattawanmu sun san zamanin da ake tayar da mota da hannu, a zura ƙarfe ta gaba a yi ta juyawa. A shekarar 1912 ne kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki, bisa ƙirar wani injiniya mai suna Charles Kettering. Daga wancan lokaci zuwa Fijo 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, har zuwa Hilux ɗin da ake yayi yanzu, aikin sitata bai canza ba. Ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir. In ka murɗa makulli, wani ɗan gwangwani da ke bisa kanta, wanda ake kira solonoid, sai ya tura ƙaramin haƙori gaba, wanda kanikawa ke ce wa bendis. Bendis ya kama haƙoran babban faifan inji, wato filawil, ya juya shi. Da inji ya kama, sai bendis ya koma mazauninsa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Babu abin da ke jan wuta a mota kamar sitata. Fitilar gaba ɗaya ba ta wuce amfiya 5 ba, amma sitata tana jan sama da amfiya 100, ta dizal kuwa ta ninka haka. Saboda haka batirin da zai kunna rediyo da fitila ba lalle ne ya iya juya inji ba. Haka nan 'yar tsatsa ko farin garin nan da ke taruwa a kan batir ya isa ya tare mata wuta.

Mataki na farko, kasa kunne. Mota tana faɗin ciwonta. In ka ji kas-kas-kas da sauri a jere, galibi batir ne ya yi sanyi, ko kansa ya yi sako-sako. In ka ji ƙas sau ɗaya tak, sai shiru, zargi ya fi karkata ga solonoid ko gawayin cikin sitata, wanda ake kira burushi. In kuwa ka ji tana gudu fiii amma inji bai motsa ba, bendis ne bai kama ba. In ƙara ce kamar ana niƙa tsakuwa, haƙora ne suka cinye, ko na bendis ko na filawil. In babu ko motsi, a duba fis, da rile, da mazaunin makulli. Mai mota otomatik ya tabbatar giya tana kan P ko N, domin ba ta tashi a wata giyar.

Mataki na biyu, gwajin fitila, kuma ba ya cin ko kwabo. Kunna fitilun gaba, ka sa yaron mota ya tsaya daga gefe yana kallo, ka murɗa makulli. In fitilu suka dushe ƙwarai ko suka mutu, koma kan batir da wayoyinsa. In suka tsaya da haskensu garau amma inji bai juya ba, wuta ce ba ta isa cikin sitata, sai a bi layinta.

Mataki na uku, a kwance kawunan batir, a kankare su har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau. Kada a manta da wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da jikin inji, wadda ake ce wa at. Ta nan wuta ke komawa, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Sannan a sa riwaya, wato mai gyaran wutar mota, ya ɗora mita. Batir mai lafiya, cike, yana nuna 12.6. In ya nuna 12.2, kusan rabinsa ya tafi. Lokacin da ake murɗa makulli kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Ku nemi a nuna muku lambar da idonku, haƙƙinku ne. In batir ne ke yawan mutuwa, a gwada altaneto mai yi masa caji: inji na aiki ya kamata mita ta nuna wajen 14.

Akwai wani abu na damina. Mun san yadda ruwa ke gudu a kwarurukan garin nan. Motar da ta mutu a cikin ruwa, kada a matsa mata da makulli. Mai yiwuwa ruwa ya shiga cikin inji ya cije. A sa bakanike ya gwada juya injin da sifana tukuna. In an matsa, sai a lanƙwashe ƙarfen cikin inji, gyaran kwana ɗaya ya koma sauke inji.

Sai dabarun da muka saba. Direba kan ɗan ƙwanƙwasa jikin sitata da sifana, mota ta tashi. Gaskiya ne tana tashi, domin gawayin da ya cinye ne ya sake taɓawa. Amma wannan sanarwa ce, ba magani ba. Kuma sitatocin zamani da yawa maganaɗisu ne a cikinsu, bugu mai ƙarfi na fasa shi. Turi ma yana fid da mutum daga daji: a sa giya ta biyu, a taka kuloci, in ta ɗau gudu a saki. Sai dai motar da ta yi lodin buhu ashirin wa zai tura ta a hawa? Otomatik kuwa ba ta tashi da turi. Abin da nake roƙonku da girman Allah ku bari shi ne haɗa wayoyin sitata da sukundireba alhali mota na cikin giya. Tana kamawa za ta yi gaba, ga mutum a gabanta ko a ƙarƙashinta. Kuma kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. A saki, a bar ta ta huce, in ba haka ba wayar cikinta ta ƙone.

In bincike ya tabbata a kan sitata, ga yadda aikin yake. A ja birkin hannu, a sa dutse a taya. A fara cire kan batir mai alamar ragi (-), domin babbar wayar sitata kullum da wuta take, ko makulli na aljihunka. A cire zobe da agogon ƙarfe. A kwance wayoyin, a lura da inda kowace take, sannan a kwance notinan da suka riƙe ta, galibi biyu ne ko uku. Kafin a tafi kasuwa a gwada ta a ƙasa da batir. Sau da yawa gawayi ne kawai, ko bushin, ko bendis, kuma duk ana canza su ɗai-ɗai da kuɗi kaɗan. Sai in wayar ciki ta ƙone, wadda warinta ba ya ɓuya, sannan a yi maganar wata.

In za a saya, sabuwa ko 'yar Beljiyam, a tafi da tsohuwar a hannu. A jera su, a ƙirga haƙoran bendis, a duba ramukan noti. Ta fetur daban, ta dizal daban, ko da sunan motar ɗaya ne. Mai shago ya gwada ta a gabanka, ku yi sharaɗin kwanakin da zai karɓa in ta ba da matsala, ya rubuta a rasit. Mu 'yan kasuwa ne, mun san araha ba ta ado. Kafin a ɗaura, a haska tocila ta ramin a duba haƙoran filawil, domin in sun kakkarye za su cinye sabuwar ma. A ɗaure notina sosai, a mayar da wayoyi, kan batir mai ragi shi ne na ƙarshe. Tsohuwar kuma kada a bar ta a gareji. A gyara ta a ajiye, wata rana za ta yi rana.

Daga ƙarshe, kira biyu. 'Yan'uwana direbobi, sitata ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan yi makonni tana nauyi da safe, ko sai an murɗa sau biyu sau uku. Ka gaya wa maigidanka tun a lokacin, motar amana ce a hannunka. Mu kuma masu motoci, in direba ya kawo ƙorafi kada mu ce kuɗi yake nema. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara a yi asarar rabin wuni a gareji nan cikin gari, da a kwana da kayan mutane a hanyar Bajoga.

Ina ba da shawara ƙungiya ta sayi mita ɗaya da wayar jan wuta daga batir zuwa batir, a ajiye wurin sakatare don amfanin kowa. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a nemanmu.