Jawabi ga 'Yan Kasuwa: In Mota Ta Ƙi Tashi

 Mu masu safarar tumatir zuwa kasuwar Mil 12 a Ikko mun sani, kwana ɗaya a bakin hanya ya isa ya cinye riba har da uwar kuɗi. To, in mota ta ƙi tashi, kafin ka nemi bakanike, murɗa makulli ka kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas, fitilu suka dushe, batir ne. Duba kawunansa, danshin kurmi kan sa su tsatsa. Kankare, ka ɗaure tamau. In kuwa kik na juyawa amma ba ta kama ba, duba mai, sannan fulogi. Kar ka yi ta murɗawa, sai ka kashe batirin a banza. Allah ya kiyaye hanya, amin.