Wace Sana'a ce Ke Ɗauke da Kano? Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Nazarin Tattalin Arziki



Duk wanda ya shiga Kantin Kwari da hantsi zai rantse nan arzikin Kano yake kwance. Ga cinkoso, ga 'yan dako, ga dilolin atamfa har rufi. Amma galibin yadin nan daga Sin ake kawo shi, masaƙun Bompai da Sharada kuwa da yawa sun rufe. Ciniki na gudana a Kano, riba mai tsoka tana can inda aka saƙa.

Shi ya sa masani ba ya auna sana'a da yawan jama'ar da ke cikinta. Abin da yake bincika shi ne: me gumin mutum ɗaya, ko kadada ɗaya, ke samarwa? Sana'o'i nawa ke ci daga gare ta? A kan irin wannan lissafi Wassily Leontief ya sami kyautar Nobel a 1973, don ya nuna yadda amfanin wannan fanni ke zama kayan aikin wancan.

A dubi noman shinkafa a Kura. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ta sa gonar da a da sai damina ake taɓa ta ta koma ba ta hutawa har da rani. Bayan manomin shinkafa ga mata masu turara, ga injinan casa, ga masu buhu, ga direbobi. Gona guda, gidaje barkatai na cin tuwo.

Fata kuwa abin takaici ce. Majemun Challawa na jeme ta, a loda zuwa Italiya, can a ɗinka takalmi da jaka masu tsada. Matakin da ya fi kawo kuɗi shi aka bar wa wasu.

Kada kuma a manta da dalar gyaɗa. Kowa ya ɗauka ba za ta gushe ba, sai fari, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur suka taru suka share ta. Fannin da ke kan gaba yau sai an riƙa sake auna shi.

'Ya'yanmu, ku fita daga ofis ku je kasuwar Dawanau da gonakin Kadawa da takarda da biro, ku ƙirga, ku auna. Hukumomi kuma su nemi lissafinku kafin a raba kasafin kuɗi. Allah ya sa albarka a karatunku.