Wa Kake Yi Wa Aiki da Basirarka?

  

A cikinku akwai masu tsara hoto a salula, akwai masu haɗa bidiyo, akwai masu murya. Da ku nake magana yau, don masu mulki ba su taɓa yin sakaci da irinku ba.

Ku tambayi iyayenmu labarin Samariya. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta raya ta unguwa-unguwa: ana wasan kwaikwayo, ana waƙa, ana gasa tsakanin garuruwa. An yi aikin gayya sosai, wannan ba musu, amma sau da yawa saƙon da ke cikin wasan na gwamnati ne. Da jam'iyyu suka zo, sai aikin ya koma hannunsu: riga, hula, waƙar kamfe, da zane mai hoton ɗan takara. Mace ta ɗaura fuskar mutumin da ba ta taɓa gani ba, ta kai shi gidan biki, ta kai shi gidan suna, shekara da shekaru. Wallahi wanda ya tsara wannan zane ya fi mai jawabi a dandali tasiri, ga shi ko sunansa ba a sani ba.

Akwai kuma wanda ya bi wata hanya. A 1966 Moustapha Alassane, ɗan ƙasar nan, ya yi fim ɗin zane, "Bon voyage Sim", inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, ana ta faretin banza. Bai zagi kowa ba, amma kowa ya gane.

Kada wani ya ce ai tun Yulin 2023 aka dakatar da jam'iyyu, siyasa ta ƙare. Mu nan Dakoro siyasarmu tana gona, tana burtali, tana bakin rijiya. Manomi da makiyayi kasuwa ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a. Sai wani ya kawo maka bidiyon faɗa, ya ce yanke nan, sa waƙa, rubuta sunan ƙauye kaza. Wataƙila ma a wata ƙasa aka ɗauke shi. Ka karɓi jika biyu, kafin Magariba ya zagaye WhatsApp. Dattawan da ke zaune nan ba su manta da Toda ba, a 1991, cikin wannan jiha tamu ta Maraɗi, inda aka kashe mutane fiye da ɗari, galibinsu mata da yara. Lokacin ma babu salula.

Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Wanda ya ƙera labarin da hannunsa fa? Don haka, ɗan'uwa, in an kawo maka aiki, tambayi inda aka ɗauki hoton da wanda zai biya. In an ƙi faɗa maka, mayar da kuɗin.