Abincin Mai Ciwon Sukari

Maganarmu ta yau a kan abincin mai ciwon sukari ce, musamman ga mutanenmu na ƙasar Gaya da Ajingi, inda a ke noman gero da dawa da wake da gyaɗa.

Mutane da yawa suna tsammani in likita ya ce kana da ciwon sukari, sai ka daina zuba sukari a shayi, shi ke nan. Ba haka ba ne. Tuwo da shinkafa da burodi da rogo duk sukari su ke komawa a cikin ciki, sa'an nan su shiga jini. Bambancinsu sauri ne. Kun san wutar kara, ta kan tashi nan da nan, kun kuma san wutar gungume, wadda ta kan kwana tana ci sannu sannu. To, abinci ma haka ya ke. Wanda ya ke shiga jini da gudu shi ne abin tsoro, gama in sukari ya daɗe yana yawa a jini ya kan ɓata ido da ƙoda, ya kashe jijiyoyin ƙafa, har ƙaya ta soki mutum a gona bai ji ba, wurin ya zama gyambo, wani lokaci sai an yanke ƙafar.

A shekarar 1981 wani likita mai suna David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto, a ƙasar Kanada, suka fito da ma'aunin wannan sauri. Tsantsar sukarin da a ke kira gulukos aka ba lamba 100. Abincin da bai wuce 55 ba, mai tafiya sannu ne. Daga 70 zuwa sama kuwa, mai gudu ne. Farin burodi ya haye 70, farar shinkafa ma galibi haka. Wake yana can ƙasa da 55, gyaɗa ta fi shi ƙasa. Ashe ke nan abin da ku ke nema yana cikin rumbunku.

Matan gida, wannan taku ce. Hatsi guda ya kan zama mai gudu ko mai sannu bisa ga yadda aka sarrafa shi. In aka surfe gero aka fid da dusa sarai, aka kai inji ya niƙe shi lilis, aka tace aka dama koko, to an riga an yi wa ciki rabin aikinsa, sai ya wuce jini da sauri. Balle a zuba masa sukari. Saboda haka a rage surfe, a bar gari da ɗan tsaki-tsaki. Dambu da zogale mai yawa ya fi koko. In za a dafa shinkafa da wake, waken ya fi shinkafar yawa. Ɗanwake kuwa, a ƙara garin wake a rage na rogo. Alale yana da kyau. Fura ma a sha kaɗan, da nono mai yawa, amma ban da sukari.

Akwai masu sayar da geronsu su sayo alkama, wai tuwonta magani ne. Ba magani ba ne. Garin alkama mai laushi shi ma yana ɗaga sukari, in aka ci malmala uku ba abin da aka tsira da shi sai asarar kuɗi. Ko wane irin tuwo ne, malmala guda kamar dunƙulen hannunka ta isa, a cika kwano da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, da kifi ko nama in an samu. Kwaɗon rama ko na zogale da ƙuliƙuli, a ci a ƙoshi.

Kada a ruɗe ku da cewa zuma da mazarƙwaila da rake ba na kanti ba ne. Su ma sukari ne. Lemon kwalba kuwa, kwalba guda ta kan ɗauki sukari wajen cokalin shayi 9. Gara ka ci goba ko lemo guda da totuwarsa.

Abu guda kuma, ku saurara da kyau. Mai shan ƙwayar ciwon sukari ko mai yin allura kada ya zauna da yunwa, kada kuma ya bar maganinsa don ya gyara abinci. In ya ji jiki yana rawa, gumi yana keto masa, ido yana duhu, sukarinsa ne ya faɗi. A wannan lokaci kam a ba shi ruwan sukari maza, sa'an nan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a kai shi asibiti nan take.

Wanda ya ke yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa, ga rama ba dalili, ko yana Kademi ko Toranke, ya je ɗakin shan magani mafi kusa ko babban asibitin Gaya a gwada jininsa. A je da safe, kafin a karya kumallo.