Namiji ne ko mace? Yadda za ki gane jinsin tsuntsun lobad

Yau hirarmu a kan ƙananan tsuntsayen nan ne masu kama da aku, waɗanda 'yan kasuwa ke kira lobad, wasu su ce tsuntsun soyayya. Mata da dama sun shiga kiwonsu saboda ba sa cin wuri, keji ɗaya a gefen baranda ya isa, kuma in suka hayayyafa ana samun na kashewa. Sai dai ke uwargida ba ke ce za ki je kasuwa ba. Yaro za ki aika ko maigida, a kawo miki biyu a ce aure ne. Ki yi wata shida kina zuba gero, ba ɗa ba jika.

Da farko ki tabbatar abin da aka kawo miki lobad ne. A kasuwanninmu ana haɗa sunan da wani tsuntsu ɗan asalin Ostireliya, siriri mai doguwar jela da zane-zane a fuka-fuki. Shi wannan ba wuya: ki dubi fatar da ke saman bakinsa inda hanci yake. In ya girma, ta namiji shuɗiya ce, ta mace kuwa ruwan ƙasa ko fari-fari. Lobad na ainihi ɗan duƙurƙur ne, jelarsa gajera, bakinsa kakkaura.

Iri 9 ne a duniya, 8 a nahiyarmu ta Afirka, ɗaya a tsibirin Madagaska. Uku daga ciki launinsu ne ke tona su. Na Madagaska namijin kansa ruwan toka ne, macen kuwa koriya ce gaba ɗaya. Na Habasha namijin ne mai jan goshi. Sai mai jar fuska da ake samu a dazukan Afirka ta Yamma har da Nijeriya: fuskar namiji ja ce sosai, ƙarƙashin fiffikensa baƙi, ita kuwa macen fuskarta ruwan lemo, ƙarƙashin fiffikenta kore.

To amma waɗanda aka fi sayarwa ba su ne ba. Akwai mai fuska ruwan hoda na yankin Namibiya da Angola, akwai kuma iri biyu na Tanzaniya masu farin zobe kewaye da ido. Waɗannan namiji da mace kamar an tsaga kara. Kada kuma soyayyarsu ta ruɗe ki. Maza biyu za su zauna manne da juna, wannan ya sosa wa wancan kai, har ya ba shi abinci a baki. Mata biyu ma haka. Mai tsuntsu zai nuna wa yaronki ya ce, "Ka gani ai, miji da mata ne." Wannan ba shaida ba ce ko kaɗan.

Masu kiwo suna taɓa ƙasusuwan ƙugu guda biyu da ke kusa da inda ƙwai ke fitowa. Na mace suna da ɗan tazara, na namiji a matse. Ana dacewa, ana kuma kuskure, musamman ga wanda bai kai wata 10 ba, don ƙashin mace bai gama buɗewa ba. In ba ki saba ba, ni dai shawarata ki bar wannan, halitta ce da ba ta wuce giram 50 zuwa 60 ba, matsa kaɗan sai ki ji mata ciwo. Ana kuma cewa mace ta fi faɗa da cizo, ta fi buɗe ƙafa in ta tsaya. Gaskiya ne sau da yawa, amma ba kullum ba.

Ga dabarar da za ki yi daga zaune. Ki sa musu ganyen dabino ko farar takarda a keji, ki koma gefe kina tsintar shinkafarki kina kallo. Macen mai fuska ruwan hoda za ta yanka shi siri-siri da baki, ta cusa a gashin bayanta wajen gindin jela, ta kai sheƙa. Namiji kan gwada, amma yawanci sai ya zube. 'Yan Tanzaniya kuwa a baki suke ɗauka, don haka a wajensu ki lura da wadda ta fi daɗewa a cikin akwatin sheƙa.

Ƙwai ne ke raba gardama. Mace ɗaya kan yi 4 zuwa 6, tana tsallake kwana ɗaya tsakani. In kika ga ƙwai biyu sun ƙaru rana guda, ko sun taru har 8 ko 10, to mata biyu gare ki. Ki sani kuma mace na yin ƙwai ko babu namiji, kamar dai kaza. Saboda haka bayan mako guda da fara kwanci, ki wanke hannu, ki haska ƙwan da tocila a ɗaki mai duhu. Mai ɗa a ciki za ki ga jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo. In ya yi garau, babu komai. Ƙyanƙyasa tana zuwa wajen kwana 23. In kuwa shekara ta zagayo, sun girma, ga sheƙa ga abinci, ba ƙwai ko ɗaya, akwai alamar maza ne.

Akwai gwajin ƙwayar halitta da ake yi da gashi ko ɗigon jini, shi ne mafi tabbaci, ki tambayi likitan dabbobi ko ana yi a kusa da ku. In babu, ki gaya wa ɗan aikenki ya nemi auren da suka taɓa ƙyanƙyasa, ko da sun fi tsada, ya kuma ƙulla da mai tsuntsu a gaban shaida cewa in suka zama jinsi ɗaya za a musanya guda. Macen da ta riga ta yi ƙwai a banza kuma, kada ki kwashe mata su nan take, sai ta sake yin wasu ta galabaita. Ki bar ta ta gama kwancinta, ki riƙa dafa ɓawon ƙwan kaza ki daka ki barbaɗa mata a abinci.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abincin 'ya'yan bayan sun fito.