Ƙasar Afirka Kamar Yadda Kayan Kasuwarmu Ke Nuna Ta

Shugabanninmu, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa na Malanbil da na Gaya, barkanmu da wannan rana.

An ce mu yi bayani kan yanayin ƙasar Afirka. Ba sai mun nemo taswira ba, duk wanda ya zaga kasuwarmu ranar Juma'a ya gan ta a shimfiɗe. Dabino da gishirin Bilma na hamada ne. Shanu, tumaki, wake da albasar Galmi na Sahel ne. Doya, masara da gari daga ƙasar ciyawa da itatuwa suke hawowa, goro da manja kuwa sai can kudu inda ruwa ya wadata.

Allah ya jera waɗannan yankuna ne daga gabas zuwa yamma, ɗaya bisa ɗaya, kamar zane a jikin gwado, kuma ruwan sama ne ya raba su. Kwatano na samun kusan milimita 1,300 a shekara, cikin damina biyu. Mu nan damina ɗaya gare mu, ruwanta bai kai 900 ba. Agadas ko 200 ba ta gani. Shi ya sa riba take kan hanyar kudu da arewa. Wanda ya bi gabas ko yamma, galibi abin da ya baro gida shi zai tarar. Shanu ma daga arewa suke gangarawa domin tsando ya hana kiwo mai yawa a kurmi. Kakanninmu fatake sun san haka tun kafin zuwan Turawa, da suke ratsa Jugu da Nikki zuwa Gwanja sayen goro.

Sai kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara. Nan muke so a saurara da kyau. Tsawonsa kusan kilomita 4,200 ne. Daga duwatsun Gini yake tasowa, kusa da teku, amma sai ya ba tekun baya ya nufi hamada har Tumbutu, sannan ya karyo ta Gawo da Yamai ya iso mana. Saboda wannan kewaye, sau biyu yake cika a shekara. Jan ruwa na Agusta da Satumba na daminarmu ne, shi ne wanda koguna irin su Mekuru, Alibori da Sota ke ƙara wa ƙarfi, shi ke cin gonakin shinkafa. Baƙin ruwa kuwa na Gini ne, fadamun Mali ke tsare shi watanni, sai cikin hunturu ya iso, alhali ko ɗigo bai sauka a nan ba.

Da can, wanda ke bin gada bai damu da wannan ba. Da aka toshe gadar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya suka koma kwale-kwale, kowa ya gane bambancin. Kuɗin fito, wurin da za a sauke buhu, da nauyin da jirgi zai ɗauka lafiya, duk ruwa ne ke yanke su. A ganinmu, lodin da ya wuce kima lokacin jan ruwa ganganci ne, ko nawa aka rage maka.

Don haka ofishin ƙungiya zai buɗe littafi. Muna roƙon masu fito da dillalai su riƙa kawo mana ranar da ruwa ya fara hawa, ranar da ya ja, da farashin buhu a wannan mako. Magatakarda na ofis daga Alhamis zuwa Asabar.

Allah ya ba da kasuwa.